FASHIN BAƘI: Abin da ke biyo bayan sayen tsohuwar bindigar farautar tsuntsu a yammacin Zamfara

Farautar tsuntsu tsohuwar sana'a ce a ƙasar Anka, Bukkuyum da Gummi. Da zarar an kawar da amfanin gona, akan shiga daji neman zabi da fakara da hasbiya, a kuma bi fadamun Gummi don kirinjijiya da ɗinya. Kakanni da bindigar toka suka yi wannan sana'a, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Matasan yau kuwa idonsu yana kan ƙirar fam-akshan, kuma tun da sabuwa ta fi ƙarfin aljihun talaka, ta hannu ake nema.

Sai dai wanda ya sayi irin wannan bindiga a ƙauye kamar Dareta ya ɗauko abubuwa uku da ba su cikin ciniki: hukuncin doka, tarihin bindigar, da gubar da ke cikin harsashinta.

Wace irin bindiga ce?

Fam-akshan bindiga ce mai baki ɗaya, wadda ke da bututu a ƙarƙashin bakin inda ake jera harsasai. Bayan kowane harbi, mai ita zai ja mariƙin gaba zuwa baya, kwanso ya faɗi, ya tura shi gaba, sabon harsashi ya hau. Harsashin tsuntsu yana ɗauke da ɗaruruwan ƙananan ƙwayoyi masu bazuwa idan sun fita, shi ya sa ake iya samun tsuntsu yana cikin tashi. Ba ta da saurin lalacewa, kuma tana jure ƙura. Waɗannan siffofi su ne suka sa maharba ke son ta, su ne kuma suka sa ta zama makamin 'yan banga da 'yan sa-kai a sassan Najeriya da dama.

Me doka ta ce?

Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yau ita ke aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko shi ne haramtattu, irin su bindigogin yaƙi da fistol, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke da ikon ba da izinin riƙe su. Na biyu shi ne na amfanin kai, wanda lasisinsa ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Na uku shi ne masu ɗuri ta baki, irin bindigar toka, waɗanda al'amarinsu ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha.

Mutane da yawa sun ɗauka cewa duk bindigar farauta tana cikin kashi na biyu. Jadawalin dokar bai faɗi haka ba. Ya sanya bindigogin tsuntsu a kashi na biyu, amma ya cire masu sarrafa kansu da duk wadda ke da wata na'urar sake ɗura harsashi. Sannan ya ce duk bindigar da ba ta cikin kashi na biyu ko na uku, ta faɗa kashi na farko. Mariƙin da ake ja ana turawa, aikinsa ke nan, sake ɗura harsashi. Haka rundunar 'yan sanda ta fassara dokar a Fabrairun 2018, lokacin da Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ba da umarnin tattara haramtattun makamai, inda aka lissafa fam-akshan kowace iri a cikinsu.

Hukuncin ba ƙarami ba ne. Riƙe haramtacciyar bindiga ba tare da izini ba yana jawo ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, kuma dokar ba ta ware wanda ya ce zabi kawai yake harbi ba.

Lasisi ba ya bin bindiga

Mai sayarwa yakan nuna tsohon littafin lasisi don kwantar da hankalin mai saye. Wannan takarda ba ta da amfani ga sabon mai ita. Lasisi na mutum ɗaya ne, da sunansa da lambar bindigarsa, ba a sayar da shi, ba a kuma gadonsa kamar gona. Ɗan da ya tarar da bindigar mahaifinsa a ɗaki bai zama mai lasisi ba. Doka ta kuma taƙaita sana'ar sayar da bindiga ga dillalai masu rajista.

Ko da mutum ya ce zai bi hanyar da ta dace, sai ya tarar da ƙofa a rufe. A ranar 26 ga Yunin 2022, gwamnatin Bello Matawalle ta umarci mutanen Zamfara su nemi bindiga don kare kansu daga 'yan bindiga, ta kuma ce za ta raba fom 500 ga kowace daga cikin masarautu 19 na jihar. Nan take kwamishinan 'yan sandan jihar na lokacin, Ayuba Elkana, ya ce dakatarwar da aka yi wa ba da lasisi tana nan. Babban Hafsan Tsaro, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Dalili shi ne kundin tsarin mulkin 1999 ya sanya makamai cikin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka. A Agustan 2023, Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sake tabbatar da cewa an dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai.

A nan ne batun ya zama na siyasa. Gwamnatin jiha ta ce a riƙi bindiga, ta tarayya ta ce ba ta yarda ba, an bar ɗan ƙauye a tsakiya, alhali maharan da ke addabarsa ba su taɓa neman izinin kowa ba. Hanyar da gwamnatin Dauda Lawal ta bi ita ce kafa Askarawan Zamfara a Janairun 2024, wato riƙe makami a ƙarƙashin hukuma maimakon a hannun ɗaiɗaikun mutane.

Daga ina tsohuwar bindigar ta fito?

A shekarar 2017 kaɗai, hukumar Kwastan ta kama fam-akshan 2,671 a Legas cikin kamu huɗu: 661 a Janairu, 440 a Mayu, sai 1,100 da 470 a Satumba, yawancinsu daga Turkiyya. Wannan adadin wanda aka kama ne kawai. Bindigar da ta shigo ta irin wannan hanya ba ta cikin rajistar kowa, kuma kafin ta iso hannun maharbi ta iya ratsa hannaye da dama. Idan an taɓa fashi ko kisa da ita, wanda aka same ta a hannunsa shi zai fara amsa tambaya. Lambar da aka goge ko aka sake bugawa alama ce babba.

Akwai kuma lafiyar ƙarfen kansa. Tsatsa a cikin baki, kumburi ko lotsawa, da makullin da ba ya kamawa sosai, kowanne yana iya sa bindiga ta fashe a fuskar mai harbi. Haka sanya harsashi mai tsawon milimita 76 a bindigar da aka ƙera don mai milimita 70. Ga shi kuma a yankin da 'yan bindiga suka mamaye dazuka, mutumin da aka hango da bindiga a bakin daji yana cikin haɗari daga ɓangare biyu: maharan da ke son ƙwace ta, da jami'an tsaron da ba su san zabi ya fito nema ba.

Dalma, wadda Dareta ta sani

Ƙwayoyin da ke cikin harsashin tsuntsu na yau da kullum dalma ce. Babu wanda zai koya wa mutanen Dareta illarta. A 2010, ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF ta gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sakamakon ƙurar duwatsun zinare masu ɗauke da dalma da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. Dareta da 'Yargalma na cikin ƙauyukan farko da aka kankare musu ƙasa aka zuba sabuwa, Bagega kuwa sai 2013 aka yi mata.

Dalmar harsashi ba ta kai wannan yawa ba, amma guba ɗaya ce. Ƙwayoyin kan farfashe su maƙale a naman tsuntsu, kuma dafuwa ba ta kawar da su. Waɗanda suka zube a fadama, agwagin ruwa kan haɗiye su a matsayin tsakuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba shi da illa, kuma ƙananan yara da masu juna biyu ne suka fi cutuwa. Saboda haka Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma tun 1991, Tarayyar Turai kuma ta hana amfani da ita a fadamu daga Fabrairun 2023. Madadinta shi ne ƙwayoyin ƙarfe, sai dai suna iya lalata tsohuwar bindiga mai matsattsen baki. A gidan da yara suka riga suka sha maganin fitar da dalma, ƙaramin ƙari ma abin gudu ne: a yanke wurin da harsashi ya ratsa a zubar, kuma kada a bar yara su yi wasa da harsashi ko ƙwayoyinsa.

Ina mafita?

Ga mai son farauta, matakin farko shi ne ofishin 'yan sanda, kafin kuɗi su fita daga aljihu. Ga wanda ya gaji bindiga, miƙa ta ga hukuma ta hannun mai gari ko hakimi ya fi a same ta a ɗakinsa. Sauran aikin na 'yan Majalisar Tarayya ne. Dokar da aka rubuta shekara guda kafin samun 'yancin kai ita ke hukunta maharbin Anka a yau, kuma rufe ƙofar lasisi bai hana bindiga yawo ba, rajistarta kawai ya hana. Wakilan Zamfara ta Yamma a Abuja suna da amsar da ya kamata su ba masu zaɓensu: ko a buɗe hanyar rajista mai tsauri ga maharba na gaskiya, ko a fito a faɗa musu cewa sana'ar kakanninsu ta tsaya ga bindigar toka.