Azara Miƙaƙƙiya, Rufi Lanƙwasasshe



Duk wanda ya bi ta Ƙauyen Alu ko Gyadi-Gyadi da sassafe ya san ƙarar injin yankan tayil. Ku tsaya ku kalli mai aikin idan ya iso gindin ginshiƙi mai zagaye. Tayil ba ya lanƙwasuwa, don haka sai ya tsuguna da fensir a bayan kunne, ya yanka shi ƙanana-ƙanana, ya jera, ƙura ta yi masa fari fat a gira. Daga nesa kai ka rantse da'ira ce, sai ka matso ka ga guntaye ne miƙaƙƙu. To, wannan dabara ita ce zancenmu na yau.

Masu zanen gine-gine yanzu suna da manhajoji irin su Rhino da abokiyar aikinta Grasshopper, wadda ta fito a 2007. A cikinsu ba ka zana gini layi-layi. Doka kake kafawa: faɗin ɗaki kaza, tsayin rufi kaza, kada kowane guntu ya wuce kaza. Sai kwamfuta ta yayyanka rufin zuwa ƙananan alwatika, ta ba kowane lambarsa da awonsa. Ka ƙara wa ɗakin mita ɗaya, nan take duk guntayen su sake tsari da kansu. Da lissafin kwamfuta irin wannan aka yi rufin farfajiyar gidan tarihin Birtaniya da ke Landan, wanda aka buɗe a 2000. Gilasai 3,312 ne a kansa, kuma babu biyu masu awo ɗaya.

Amma ni duk sanda na ji wannan labari, Zariya nake tunawa.

A ƙarni na 19, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a da ƙasa da azara. Ita azara, wadda ake tsagowa daga giginya, gara ba ta cin ta, sai dai tana da iyaka: in tazara ta wuce kamar mita 2, ba za ta ɗauki nauyin ƙasa ba. Yaya za a rufe babban zaure da gajeren itace? Sai magina suka riƙa dasa azara a jikin bango, kowane sahu ya ɗan zarce na ƙasansa, a ɗaure, a yaɓe, a jira ya bushe, har hannun hagu da na dama su gamu a sama. Shi ne bakan gizo. Inda bakuna suka sarƙe, an samu ɗaurin guga, rufin ya rabu gida-gida, kowane gida daidai ƙarfin azara, a jera ta a ciki, tulluwa ta tashi a kai. Ku shiga Gidan Makama a Kano ku ɗaga kai, za ku gani da idonku. Dokar tana nan, ma'aunin yana nan, a kan magini suke zaune ba a takarda ba.

Abin da ke ci mini rai ke nan. Maginan gargajiya suna ƙarewa, damina kuma ba ta jiran kowa. Ɗalibanmu na zanen gini a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, ku ɗauki abin awo ku je wurin dattawan nan, ku gaishe su, ku ce: "Baba, sahu nawa kake hawa kafin baka ya haɗu?" Ku zuba amsar a kwamfuta. Daga nan rumfar makarantar Islamiyya ko ta kasuwa a Tarauni za ta iya samun ɗaurin guga na ƙarfe, mai walda na bakin titin Zariya ya karɓi takarda, ya yanka kowane guntu bisa lambarsa, ya ɗora a kura zuwa wurin aiki.