Tantance asibitocin karkara: Gudummawar da jami'ar Aliero za ta iya bai wa Katanga

Mai jinya a ƙaramin asibitin ƙauye abu uku yake nema: ma'aikaci, magani, da hasken da za a ga jijiya idan dare ya yi. Su kuwa jami'an tantancewa takardu suke fara tambaya. Ina rajistar haihuwa? Ina lissafin magunguna? Ina lasisin ma'aikata? A ina ake zubar da tsohuwar allura?

Amsar waɗannan tambayoyi kuɗi ce ga asibitocin matakin farko a wurare irin su Katanga da ke ƙaramar hukumar Jega, da maƙwabtanta Aliero da Maiyama. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun BHCPF, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Asibiti ba ya cin gajiyar asusun sai an tantance shi, yana da asusun banki, ya kuma rubuta yadda zai kashe kuɗin.

A nan gizo ke saƙar. Ma'aikaciyar da ta kwana karɓar haihuwa, ta wayi gari da layin riga-kafi, ba ta da lokacin cike fom. Ba ganda ba ce, hannu ne ya yi kaɗan.

A Amurka, tun 2011 hukumar PHAB ke tantance sassan lafiya na ƙananan hukumomi, kuma wasunsu jami'o'i suke jingina da su: ɗalibai su tattara alƙaluman cututtukan yankin, malamai su taya rubuta tsarin aiki.

Yankin Jega bai rasa irin waɗannan hannaye ba. Aliero, garin albasa da masu ɗori, yana da jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kebbi tun 2006, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo. A Jega kuma akwai Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya, wadda dama ɗalibanta kan fita asibitoci koyon aiki.

Abin da zai sauya lissafi shi ne yarjejeniya a rubuce tsakanin makarantun da sassan lafiya na ƙananan hukumomin uku: a ba kowane rukunin ɗalibai asibiti guda, malami na dubawa, su gyara rajista, su ƙirga magani, su yi gwajin tantancewa kafin masu tantancewar gaske su iso. A kuma saka aikin cikin makin da ɗalibi zai fita da shi.