Wa Zai Riƙe Zumuntar Matasa Idan Shugaba Ya Tafi?

Zumuntar matasa ba kamar sauran zumuntai na ikilisiya ba ce, domin mutanenta ba sa daɗewa wuri ɗaya. Zumuntar mata tana iya riƙe shugaba ɗaya shekaru da yawa. Matashi kuwa bana yana tare da mu, baɗi ya sami gurbi a jami'a, ko ya tafi bautar ƙasa, ko neman aiki ya kai shi Abuja. Shi ya sa a ikilisiyoyi da dama zumunta takan yi ƙarfi muddin wani ɗan'uwa mai himma yana nan, ranar da ya tafi kuma sai ta watse. Abin da shekarun hidima suka koya mana shi ne, ranar da aka zaɓi shugaba, ranar ce ya kamata a fara shirya magajinsa.

Wa za a shirya? Idonmu yakan fara sauka a kan mai iya magana da mai daɗin murya. Baiwa ce, ba mu rena ta ba. Amma a 2 Timoti 2:2, aminci ne Bulus ya ce Timoti ya nema ga waɗanda zai danƙa wa koyarwa, tare da iya koya wa wasu. Ana gane mai aminci a ƙananan abubuwa: wanda ke riga kowa zuwa ya jera kujeru, ko yarinyar da ke lura cewa wance ba ta zo ba Lahadi biyu, ta bi ta gida. Kada kuma mu manta da waɗanda suka riƙe hidima a FCS, ƙungiyar ɗalibai Kirista da aka kafa a Gindiri a 1957. Da yawansu sun dawo gida sun iya bi da nazarin Littafi Mai Tsarki, amma suna zaune a kujerar baya ba wanda ya tambaye su.

Taron horarwa na kwana uku yana da amfani, sai dai shi kaɗai ba ya yin shugaba. A Markus sura 6, Ubangiji Yesu ya aiki sha biyun nan biyu biyu, bayan sun daɗe suna ganin yadda yake yi, da suka dawo kuma suka faɗa masa abin da suka yi da abin da suka koyar. Haka muke bi. Sabon ma'aikaci ya fara kallo, sa'an nan a ba shi minti goma na nazari tare da wanda ya riga shi, bayan an tashi a zauna da shi a duba yadda abin ya tafi. Wannan zaman na ƙarshe shi aka fi tsallakewa, kuma a nan ne koyon yake. Idan ya yi kuskure, a gyara masa a keɓe, ba daga kan bagade ba. Yohanna Markus ya bar Bulus da Barnaba a Bamfiliya ya koma, Barnaba ya sāke ɗaukarsa, daga baya Bulus da kansa ya aika a zo masa da shi don yana da amfani a hidima.

Masu hidimar nan ba albashi suke karɓa ba. Da damina suna gona, wasu suna shirin jarrabawa. Idan mutum uku ne ke ɗauke da waƙa da nazari da ziyara, za su gaji su janye a hankali ba tare da sun ce komai ba. A raba aikin kamar yadda Yetro ya shawarci Musa a Fitowa 18, har zuwa shugabannin goma goma, ikilisiya kuma ta biya kuɗin mota idan ta aike su.

Akwai ƙa'idodi biyu da ba ma sassautawa. Mutum biyu ne ke ƙirga baiko su sa hannu a littafi. Ɗan'uwa kuma ba ya ba yarinya shawara su biyu kaɗai a ɗaki. A kira wata uwa daga zumuntar mata ta zauna. Wannan kāriya ce ga yaran, kāriya ce kuma ga sunan ma'aikacin.

Ga fastoci da dattawa: idan kun ba matashi muƙami, ku bar masa ikon yanke wasu shawarwari, ko da tsarin sujadar makon matasa ne da yadda za a kashe kuɗin da aka ware mata. Ku karɓi rahoto bayan an gama.