Darasin kwamfuta: daga wayar malami zuwa allon aji

A kwalejoji da lise na Gazawa, Agye da Gidan Runji, cikin jihar Maradi, malamin da aka ɗora wa koyar da ilimin kwamfuta yakan iske littattafai sun yi ƙaranci, na'urori kuma ba su wadata ba. Saboda haka wayarsa ta salula ita ce ɗakin karatunsa.

Idan ya samu intanet mai ƙarfi, galibi a birnin Maradi, sai ya sauko da darussan da aka rubuta da Faransanci, da manhajar Scratch, wadda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar kyauta a 2007, tana kuwa aiki ko babu intanet. Daga nan sai ya aika wa takwarorinsa ta WhatsApp, ko ya zuba musu a kile USB.

Amma darasin da aka tsara domin yaran Faransa, kowa da na'ura gabansa, ba ya dacewa da aji mai allo da alli. Wajibi ne malami ya sake masa fasali, ya kawo misalai daga lissafin kasuwa da awon gero. Wanda ya sha wannan wahala, ya kuma raba wa ƴan'uwansa, ya kyauta ƙwarai, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.