Yadda Ake Gano Ciwon Uwar Garke

Uwar garke ita ce kwamfutar da ke ɗauke da manhajar da jama'a ke aiki da ita daga nesa, kamar ta biyan albashi ko ta rajistar ɗalibai. Idan ta tsaya, mutane sukan yi gaggawar kashe ta su sake kunnawa. Yin haka kuwa yana shafe shaidar da ke cikin ƙwaƙwalwarta. Wajibi ne a fara tattara shaidu tukuna.

Shaidun nan iri uku ne. Na farko shi ne kundin aukuwa, inda na'ura ke rubuta kowane abu da lokacinsa. A tsarin syslog an kasa tsananin saƙo daga 0 zuwa 7, kuma 0 shi ne mafi muni. Na biyu shi ne hoton zaruruwa, watau jerin ayyukan da ke gudana a lokaci guda, kamar yadda ake ɗauka a manhajojin Java. Akan ɗauki uku, da tazarar daƙiƙu kaɗan. Zaren da aka tarar a wuri ɗaya duk sau ukun, shi ne abin tuhuma. Wani lokaci zare biyu ne suka cije, kowanne yana jiran abin da ɗan'uwansa ya riƙe. Na uku shi ne hoton ƙwaƙwalwa, mai nuna abin da ya cika ta.

Sa'an nan a daidaita agogon na'urorin, a nemi kuskuren farko, domin saura galibi 'ya'yansa ne, kuma a tambayi abin da aka canja kafin ɓarnar.

Ga misali daga Amurka. Ran 1 ga Agusta 2012, kamfanin hannun jari na Knight Capital ya yi asarar fiye da dala miliyan 400 cikin minti 45. An sa sabuwar manhaja a uwayen garke bakwai, aka manta ta takwas. Kafin a buɗe kasuwa na'urar ta aika da saƙonni 97 game da kuskuren, ba a ɗauki mataki ba. Da rikici ya ɓarke, ma'aikata suka cire sabuwar manhajar daga lafiyayyun bakwai ɗin, ɓarna ta ƙaru.

Hausawa sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira. Saboda haka kowace ma'aikata ta naɗa wanda zai riƙa karanta kundinta kullum, tun kafin ranar tsayawa ta zo.