Ajon Kiɗa Don Tsare Ƙasa a Amurka

A ƙasar Amurka, idan sanyi ya janye aka shiga watannin Yuni zuwa Satumba, lokacin da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba, akwai wata al'ada da wasu ƙananan garuruwa suka saba da ita, wadda ta cancanci a warware wa mai karatu ita. Akan zaɓi fili a bayan gari, ko makiyaya ko gefen tafki, a kafa dandamali na katako, jama'a su zo da barguna da kujerun naɗewa, masu abinci su jera motocinsu a gefe, sa'an nan da la'asar sakaliya makaɗa su hau, da mai ganga, da mai jita mai kaurin murya, da masu busa uku ko huɗu, su riƙe kiɗan sol da fank har dare ya yi. Kafin a watse, shugaban ƙungiyar da ta kira ajon zai miƙe ya nuna filin da ake zaune a kansa, ya shaida wa jama'a cewa kuɗin shigarsu na wannan ƙasa ne, domin kada a wayi gari an yanka ta fuloti-fuloti.

Dalilin wannan al'amari a fili yake. Wajen kashi 60 cikin ɗari na ƙasar Amurka mallakar mutane ce, abin da gwamnatin tarayya ke riƙe da shi bai wuce kashi 28 ba, kuma galibinsa can yamma yake. Ƙungiyar American Farmland Trust ta ƙididdige cewa tsakanin 2001 da 2016 gonaki da makiyaya eka miliyan 11 suka tafi ga gine-gine, watau kimanin eka 2,000 kowace rana. Manomi ya tsufa, 'ya'yansa sun koma birni, haraji bai fasa zuwa ba, ga mai gina rukunin gidaje ya iso da farashin da noma ba zai taɓa biya ba. Da wuya a zargi wanda ya sallama.

Maganin da aka samo ya faro ne tun 1891 a jihar Massachusetts, sa'ad da wani matashi masanin tsara lambuna, Charles Eliot, ya sa aka kafa ƙungiyar amintattu wadda za ta riƙe wurare masu kyau amana domin jama'a, kamar yadda ɗakin karatu ke riƙe littattafai. Yau irin waɗannan ƙungiyoyi sun haura dubu, kuma bisa lissafin 2020 sun tsare eka miliyan 61, abin da ya zarce faɗin dukan manyan gandayen daji na ƙasa da gwamnatin tarayya ta keɓe.

Wani lokaci sukan sayi ƙasar ne kacokan, amma hanyar da ta fi yawa ita ce yarjejeniyar tsarewa, wadda mai karatun fiƙihu zai ga ta yi kusa da waƙafi, ko da yake akwai bambanci babba. A waƙafi, kamar wanda Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Haibara, asalin dukiyar ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gadonsa, amfaninta kaɗai ake sadakarwa. A nan kuwa mai gona yana nan da gonarsa, yana noma, yana iya sayarwa, magada kuma suna gada. Haƙƙi guda ya fitar daga hannunsa har abada, shi ne haƙƙin yanka ta ko cika ta da gini. Akan rubuta sharaɗin a takardar mallaka a ofishin ƙaramar hukuma, ya zama yana bin ƙasar duk hannun da ta faɗa. Da yake darajar gonar a kasuwa ta ragu saboda wannan sharaɗi, dokar haraji ta 1976, wadda aka tabbatar a 1980, ta yarda a lissafa ragin a matsayin sadaka, a sassauta wa mai shi haraji.

To, ina kuɗin ajo ke shiga? Lalle ne abin da aka tara a yamma ɗaya bai cika isa sayen gona ba. Yakan tafi ne ga hidimomin da ba su da kwarjini: ladan mai awon iyaka, da na lauya, da na ma'aikacin da zai taka ƙasar ƙafa da ƙafa kowace shekara, ya duba ko wani ya sare itace ko ya kafa harsashin gini, da kuma asusun shari'a, domin wanda ya sayi gonar bayan shekara talatin ba shi ya yi alkawarin ba, kuma yakan so ya warware shi. Saboda nauyin irin waɗannan ƙararraki ne ƙungiyoyin suka haɗu suka kafa wa kansu kamfanin inshora mai suna Terrafirma, wanda ya fara aiki a 2013. Fa'ida ta biyu, wadda wataƙila ta fi ta farko, ita ce wanda ya yi rawa a fili ya san filin, kuma ranar da majalisar gari za ta yanke hukunci a kansa yana da abin faɗa.

Shi kuwa kiɗan, ba baƙo ba ne a fagen taimako. Sol ya fito ne daga waƙoƙin majami'un baƙaƙen fata, ta bakin irin su Ray Charles da Sam Cooke da Aretha Franklin, fank kuma James Brown ne ya ƙera shi wajen 1965, da ya ɗora nauyin kiɗan a kan bugun farko, ya mai da kowane kayan kiɗa tamkar ganga. A ran 20 ga Agusta 1972 kamfanin faifan waƙa na Stax ya tara mutum fiye da 100,000 wajen taron kiɗa a filin wasa na Los Angeles, kuɗin shiga dala ɗaya, don tallafa wa unguwar Watts ta birnin da masu ciwon sikila. Shekara guda kafin haka Marvin Gaye ya riga ya yi waƙa kan gurɓacewar iska da teku a faifansa What's Going On.

Sai dai akwai wata mas'ala wadda adalci bai yarda a tsallake ta ba. Mutanen da suka haifi wannan kiɗa suna cikin waɗanda suka fi asarar ƙasa a Amurka. A 1910 manoma baƙaƙen fata suna da wajen eka miliyan 16, amma kafin ƙarni ya ƙare kusan kashi 90 cikin ɗari sun suɓuce, ta hanyar tsoratarwa, da hana rance, da ƙaura zuwa biranen arewa, da kuma wata kafa a dokar gado. Idan mutum ya rasu bai bar wasiyya ba, ƙasarsa takan zama ta dukan zuriya ba tare da rabo ba, har magada su kai ɗari. Sai ɗan kasuwa ya sayi kason jika guda da ke zaune nesa, ya roƙi kotu ta sa a yi gwanjon duka. Haka ƙasashe masu yawa na baƙaƙen fatan da ake kira Gullah suka salwanta a tsibiran Karolina ta Kudu, inda yanzu otal-otal da filayen wasan golf suke. A 2005 aka kafa wata cibiya a birnin Charleston na jihar don taimakon irin waɗannan magada, a 2010 kuma aka tsara dokar da ke ba dangi damar fansar kason kafin a kai ga gwanjo, jihohi da dama sun karɓe ta.

Ita ma yarjejeniyar tsarewa ba ta tsira daga ha'inci ba, domin wasu attajirai sun riƙa kumbura darajar filaye don su ci ragin haraji, har majalisar dokokin Amurka ta taka musu birki a ƙarshen 2022.

Saboda haka, mizanin da za a auna irin wannan ajo da shi bai tsaya ga yawan jama'a ko daɗin busa ba. A tambayi ƙungiyar eka nawa ta rubuta wa sharaɗi, wa ke duba su kowace shekara, ko talakan gari yana da izinin shiga, kuma ko ta taɓa tsaya wa magadan da ake shirin yi wa ƙasarsu gwanjo. Wadda ta amsa waɗannan da hujja ta cancanci kuɗin jama'a.