Gudun Ƙetare-Famfalaki a Titunan Birni: Misali daga Niyok

Gudun famfalaki, wanda wasu ke kira gudun yada-ƙanin-wani, yana da tsayayyen awo a wasannin duniya, wato kilomita 42 da mita 195. Wannan awo ya samo asali ne daga gasar Olamfik da aka yi a Landan a shekarar 1908. Duk wani tsere da ya zarce wannan nisa ya shiga wani rukuni na daban, wanda za a iya kira gudun ƙetare-famfalaki. Akwai na kilomita 50, akwai na kilomita 100, akwai kuma wanda lokaci ake yanka masa, kamar awa 24 ko kwana shida, a duba wanda ya fi cin nisa kafin wa'adi ya cika.

Galibi akan ɗauka cewa irin wannan gudu sai a daji ko hamada ko bisa duwatsu. Amma tun a ƙarni na 19 ake yin tseren kwana shida a cikin manyan ɗakunan taro na Landan da Niyok. An tsaya a kwana shida ne domin a kauce wa ranar Lahadi, ranar ibadar Kirista. A yau kuwa, tsere mafi tsawo da aka tantance awonsa a duniya, a tsakiyar birni ake yin sa, a unguwar Jamaica da ke gundumar Queens ta birnin Niyok, a ƙasar Amurka.

Yadda tseren yake

Wanda ya kafa wannan tsere shi ne Sri Chinmoy, wani malamin tarbiyyar ruhi ɗan asalin yankin Bengal, wanda ya koma Niyok da zama a 1964, ya rasu a 2007. A 1996 almajiransa suka shirya tseren mil 2,700, a 1997 kuma aka mayar da shi mil 3,100, wato kusan kilomita 4,989. Wannan nisa ya ɗara tafiyar mota daga Niyok zuwa Los Angeles, daga wannan gaɓar Amurka zuwa waccan. Abin mamakin shi ne, masu gudun ba sa zuwa ko'ina. Wani rukunin gine-gine ɗaya tak suke kewayawa, wanda ya ƙunshi makarantar sakandare ta Thomas Edison da filin wasa da wani ɗan dandalin shaƙatawa. Kewaye ɗaya bai wuce mita 883 ba, don haka sai mutum ya zagaya sau 5,649 kafin a ce ya kammala.

Kwana 52 ake ba kowa. Ana buɗe fage da ƙarfe shida na safe, a rufe da ƙarfe sha biyu na dare. Idan aka raba nisan bisa kwanakin, za a ga dole mutum ya ci kusan kilomita 96 a kullum, wato fiye da famfalaki biyu, ko kewaye 109. Wanda ya gaza yau, to gobe da bashi zai tashi, kuma bashin kan taru har ya gagari biya. Ana sauya fuskar kewayen kowace rana, yau ta hannun dama gobe ta hagu, domin kada nauyin karya kwana ya riƙa faɗawa kan ƙafa ɗaya.

Ba a rufe hanya saboda masu tseren. Ɗalibai na wucewa, yara na buga ƙwallo, motoci na zirga-zirga a babban titin da ke gefe, su kuwa suna ratsawa ta cikin jama'a kamar kowa. Sau da yawa baƙo kan wuce bai ma san tsere ake yi ba.

Abin da jiki ke fuskanta

Jikin ɗan Adam yana adana wani nau'in sukari a hanta da tsoka, amma wannan guzuri yakan kusa ƙarewa bayan an yi gudun kamar kilomita 30. Daga nan sai jiki ya dogara da kitse, wanda ba ya ba da ƙarfi da sauri. Wannan ne dalilin da ya sa mai dogon gudu ba ya zabura. Sassarfa yake yi yana haɗawa da tafiya, yana kuma ci yana sha a kan ƙafarsa. Masu tseren Queens kan ci abincin da ya kai kalori 10,000 a rana, kusan ninki huɗu na abin da baligi ke bukata, kuma babu nama a ciki, domin haka tsarin masu shirya gasar yake. Ruwa ma da awo ake shan sa. Wanda ya yi ta ɗirkar ruwa zalla alhali gumi na kwashe gishirin jikinsa, yana iya ruɗewa ko ya suma, har a rasa rai.

Ƙafa ce ta fi shan wuya. Daɓen siminti ba ya sassauta wa diddige kamar yadda ƙasa ke yi, sai ƙafa ta kumbura, ta yi bororo, farce ya fita. Shi ya sa za a ga masu gudun sun yanke bakin takalmansu da wuƙa domin yatsu su samu sarari, kuma mutum ɗaya kan kashe takalma sama da ƙafa goma kafin ƙarshe. Barci kuwa, awa shida ce tsakanin rufewa da buɗewa, a cikinta za a je masauki, a yi wanka, a ɗaure miki.

A nan ne amfanin birni ke fitowa. Da yake kewayen gajere ne, kowane minti kaɗan mai gudu yana bi ta gaban rumfar da ke da abinci da magani da masu ƙidayar zagaye, abin da ba ya samuwa a tsakiyar daji. Sai dai abin da aka rage wa jiki na haɗari, an ɗora wa zuciya, domin ganin katanga ɗaya da fitila ɗaya sau dubu biyar ba ƙaramin gwajin haƙuri ba ne.

Waɗanda suka yi fice

Ba a cika samun masu shiga fiye da goma sha biyar a shekara ba, kuma babu kyautar kuɗi ga wanda ya yi nasara. Ashprihanal Aalto, wani mai raba wasiƙu daga ƙasar Finlan, ya kammala a cikin kwana 40 da awa tara a 2015, wato yana cin sama da kilomita 120 a kullum. Suprabha Beckjord, Ba'amurkiya, ta kammala sau 13 a jere, daga 1997 zuwa 2009. A 2023 kuma Tsai Wen-ya ta Taiwan ta kafa tarihi a ɓangaren mata da kwana 45 da rabi. A 2020, saboda annobar korona, an kai tseren wani dandali a birnin Salzburg na ƙasar Ostiriya. Da aka dawo da shi Queens a 2021, sai aka ɗauke shi daga tsakiyar bazarar Niyok mai tsananin zafi, aka matsa da shi zuwa watannin Satumba da Oktoba.